Birki ya yi tauri, inji yana mutuwa: ina ciwon yake?

Jama'ar Gaya, da tsofaffin motoci muke kai rake, dankali da shinkafa kasuwa. A-kori-kura irin su Peugeot 504 da Toyota Hilux su ne ke bin hanyar Dosso, da ta Kamba, da ƙauyukan Tanda, Bengu da Bana. Akwai wani ciwo da ke yawan kama su. Direba ya taka birki, sai ya ji shi kamar dutse. Nan take inji ya yi kakari ya mutu. Mutane kan ce ciwo biyu ne. Sau da yawa ciwo ɗaya ne.

Gangar birki

Ku buɗe murfin inji, ku duba saitin ƙafar direba. Za ku ga wata baƙar ganga ta ƙarfe, famfon man birki yana manne da ita. Makanikai na ce mata sarbo. A cikinta akwai fatar roba da ta raba ta gida 2.

Injin fetur yana zuƙar iska idan yana aiki. Wani tiyo mai kauri ya haɗa shi da gangar, yana zuƙe iskar cikinta. Idan direba ya taka birki, iskar waje ta shiga gida ɗaya, ta tura fatar, ta ƙara wa ƙafarsa ƙarfi. Shi ya sa birki ke da taushi.

Zafi da tsufa suna busar da roba. Idan tiyo ya tsage ko fatar ta huje, ganga ba ta taimako, birki ya yi tauri. Ta wannan huda kuma iska ke kwarara cikin inji. Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, inji ya kasa tsayawa a ralanti, sai ya mutu.

Gwaji 4 da kowa zai iya

Ku ajiye mota a fili, ku ja birkin hannu, ku sa dutse a taya.

1. Inji a kashe, ku taka birki sau 5 har ya yi tauri. Ku riƙe shi, ku tada inji. Idan ƙafa ta ɗan nutse, ganga tana aiki. Idan ba ta motsa ba, akwai ciwo.

2. Inji yana aiki, ku taka birki ku saurara. Idan kun ji huci kamar na taya mai yoyo kusa da ƙafa, fatar ta huje.

3. Ku cire tiyo daga ganga, ku toshe bakinsa da babban yatsa. Ya kamata ya zuƙe yatsan da ƙarfi. Idan inji ya daina kakari, laifin ganga ne. Idan bai daina ba, ku bi tiyon da hannu, ku nemi tsaga.

4. A bakin tiyo akwai ƙaramin bawul. Ku cire shi ku hura. Iska ta wuce ta gefe ɗaya kawai, wajen inji. Idan ta wuce gefe biyu, a sake shi.

Wanne ya riga?

Wannan tambaya tana rage asara. Idan inji ne ya fara mutuwa, birki zai yi taushi sau 2 ko 3, sa'an nan ya yi tauri. Wannan ba laifin ganga ba ne. A duba kafireta, da fulogi, da matatar mai.

Motar gazwal dabam take. Tana da famfo na musamman mai zuƙar iska. A tsofaffin Toyota da yawa yana bayan dinamo. Idan bel ya tsinke ko famfon ya gaji, birki ya yi tauri amma inji ba ya mutuwa. Manyan motocin kaya kuwa da matsattsiyar iska suke birki, wannan bayani bai shafe su ba.

Gyara

Tiyo da bawul ba su da tsada. Kada a sa tiyon ruwa, domin yana lotsewa idan inji ya zuƙa. Ganga kuwa aikin makanike ne. Ku ce ya duba bayan famfon man birki. Idan mai yana zuba cikin ganga, shi ke cinye fatar, kuma sabuwar ma ba za ta daɗe ba.

Idan abin ya same ku bisa hanya

Birki bai mutu ba, taimako ne ya rasa. Ku taka da dukan ƙarfinku, ku riƙe, kada ku yi ta ɗagawa. Ku rage giya, ku ja birkin hannu a hankali, ku sauka gefen hanya. Kada ku kashe inji a gangare don tsimin mai.

Direbobi da yaran mota, ku yi gwaji na 1 kowace safiya kafin a yi lodi. Minti 1 ya isa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa ɗan'uwansa a tasha. Rigakafi ya fi magani.