Maganin yaro da awo ake ba da shi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, damina ta kama, masassara ta dawo. A Gazawa, Agye da Gidan Rumji, daga Agusta zuwa Oktoba ne gidan likita ke cika da yara. Uwa na shigowa a guje da goyo, jiki ya yi zafi rau. A cikin wannan gaggawa ne ake kuskuren magani.

Bara wata maƙwabciyarmu ta kai ɗanta likita da dare. Aka rubuta mata takarda, ta tafi farmasi. Mai farmasi ya duba takarda, ya duba yaro, ya ce ta ba shi katin awo. Yaron kilo 9 ne, amma maganin da aka rubuta na mai kilo 19 ne. Ya koma wurin wanda ya rubuta, aka gyara. Alƙalami ne ya zame, idon mai farmasi ya kama.

Aikinsa ke nan. Ba miƙa ƙwaya kaɗai yake yi ba. Shi ne mutum na ƙarshe da ke duba magani kafin ya shiga bakin ɗanku.

Maganin yaro da nauyinsa ake auna shi. Ga misali da Coartem, maganin masassarar cizon sauro. Yaro mai kilo 5 zuwa 14, ƙwaya 1 yake sha. Mai kilo 15 zuwa 24, ƙwaya 2. Safe da yamma, kwana 3 cif. In ya gaza, ciwo ya dawo. In ya yi yawa, ya zama guba. Farasitamol ma in ya wuce kima yana lalata hanta.

Mai tallar magani a kasuwa ba ya da sikeli, bai san abin da ke cikin kwalba ba. A 2008 wani maganin haƙori na ruwa, My Pikin, ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya.

To, ga abin da za mu riƙe:

Ku tafi da katin awo duk lokacin da za ku likita.

Ku faɗi duk abin da yaro ya riga ya sha a gida, na Bature ko na gargajiya. Kada ku ɓoye don kunya.

Ku tambayi mai farmasi: nawa? sau nawa? kwana nawa? Wanda bai iya karatu ba, a yi masa zane a jikin kwali.

Maganin ruwa, da murfin awonsa ake ba da shi, ba da ludayi ba.

Kada a ba ƙane maganin wansa.

Yaron da ke jijjiga ko ya suma, kada a ɗura masa komi a baki. A kai shi likita nan take.

Mai tambaya ba ya ɓata. Allah ya raya mana zuriya.