Daga Sabo zuwa Katunga: Tattakin da ke amfanar jiki da tarbiyya

Yara da yawa a Sabon Ibadan sun taso tsakanin shago, makaranta da waya, ba su san cewa a arewacin Jihar Oyo akwai kufan babban birnin tsohuwar daular Oyo ba. Yarbawa na kiransa Oyo-Ile, Hausawa kuwa Katunga suke ce masa. An watse daga birnin a shekarun 1830, amma har yau ragowar ganuwarsa na nan cikin Gandun Dajin Old Oyo, wanda aka kafa a 1991.

Ana zagaya kufan ne da ƙafa, kuma nan amfanin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, yara kuma minti 60 kullum.

Lokacin rani ya fi dacewa. A yi sammako, a ɗauki isasshen ruwa, a sa takalmi rufaffe saboda maciji da ƙaya. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya fara ganin likita. Kafin a tashi, a tuntuɓi ofishin gandun da ke garin Oyo kan halin tsaro, kuma kada a shiga daji ba tare da jami'insu ba.