Kiwon kawa a bakin teku

Kawa ƙaramar halitta ce ta ruwa. Ba ta da ƙafa, ba ta da ƙashi. Jikinta laushi gare shi, yana ɓoye cikin ɓawo biyu masu tauri kamar dutse. A kogin Kwara akwai wata irin kawa mai manne wa duwatsu. Amma wadda ake kiwo, a ruwan gishiri take zaune.

Makiyayin kawa ba ya yankan ciyawa, ba ya sayen dussa. Teku ke ciyad da dabbobinsa. Kawa takan buɗe ɓawonta kaɗan, ruwa ya shiga, ta tace ƴan mitsi-mitsin tsirrai da ido ba ya gani, ta haɗiye.

A ƙasar Faransa akwai wani gari a bakin teku, sunansa Arkashon. Mutanensa sun shahara da wannan kiwo. Ga yadda suke yi.

Lokacin zafi, wajen watan bakwai da na takwas, kawa takan saki ƙwai cikin ruwa. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, ƴaƴan su yi ta yawo kamar sati uku, suna neman abu mai tauri da za su manne wa. Sai makiyaya su jera musu ɓallayen yumɓu gasassu, irin na rufin ɗaki, waɗanda aka shafe da farar ƙasa da rairayi. Wani magini mai suna Jean Michelet ya gano wannan dabara a shekarar 1865. Amfanin shafen shi ne, ranar da za a kankare ƴaƴan, shafen ke ɓarewa, ɓawonsu ba ya fashewa.

Bayan wata takwas ko fiye, a kankare su, a zuba cikin buhunan roba masu ƙananan hudoji kamar raga. A ɗaure buhunan bisa gadajen ƙarfe cikin teku. Kowace rana ruwan teku yakan cika sau biyu, ya janye sau biyu. In ya cika, kawa ta ci abinci. In ya janye sosai, makiyayi ya samu damar aiki: ya juya buhuna, ya girgiza su, ya cire gansakuka. In kawa ta yi girma, ya rage yawanta cikin kowane buhu, kamar yadda manomi ke cirar hatsi. Sai an shekara uku ko huɗu kafin a kai ta kasuwa. Faransawa sukan ci ta ɗanya da ruwan lemun tsami, musamman a bukukuwan ƙarshen shekara.

Wannan sana'a tana da haɗari. Tun da kawa tace ruwa take yi, in ruwa ya gurɓace da ƙazanta, ita ma ta gurɓace, hukuma ta hana sai da ta. Ga kuma annoba. Daga 1970 zuwa 1973 wata cuta ta kashe kusan dukan irin kawar da aka fi kiwo a Faransa. Sai da aka kawo sabon iri daga Japan da Kanada sannan sana'ar ta farfaɗo. Shi ya sa makiyayin kawa ke tsaron tsabtar teku kamar yadda mutanen gari ke tsaron rijiyarsu.

Tambayoyi
1. Mene ne abincin kawa?
2. Don me ake shafe ɓallayen yumɓu da farar ƙasa?
3. Ta ina aikin makiyayin kawa ya yi kama da na manomi?