Kafin a Ɗaga Filafilai a Bahar Maliya

Babban ruwan da mutumin Samaru ta Zariya ya saba gani shi ne madatsar Kubanni ta Jami'ar Ahmadu Bello, na Sabon Gari kuwa sai kogin Galma idan ya kawo. Amma kakanninmu sun san teku. Kafin jirgin sama ya fara jigilar alhazai a shekarun 1950, maniyyaci kan fita ta Borno, ya ratsa Wadai da Darfur, yana noma da ƙodago a hanya, wani har shekaru, kafin ya isa Sawakin a gaɓar Sudan. Daga nan zuwa Jidda ruwa ne na kimanin kilomita 300, kuma talakawa da yawa sun ƙetare shi a sambuk, wato jirgin katako mai filafilai wanda iska ke turawa.

Shirin irin wannan jirgi a tudu ake fara shi. Akan jawo shi gaɓa, a bi tsakanin katakai a cusa auduga duk inda ruwa zai iya shiga, a shafe sama da man kifi. Ƙasan da ke nutsewa kuwa farar ƙasa da kitse ake damawa a yaɓa masa, saboda akwai wata tsutsar teku da ke cin katako ta ciki kamar gara, waje lafiya lau, ciki ya ruɓe. Sai a duba igiyoyi da anka, a ɗinke filafilan, a ajiye ƙarami don ranar guguwa. Babban filafili a cikin iska mai ƙarfi kifar da jirgi yake yi.

Amma a ganina ruwan sha ne kan gaba. Jirgin iska ba shi da alkawarin ranar isowa. Iska na iya kwantawa, tafiyar kwana uku ta koma mako guda, ga zafin da ya fi na bazarar Zariya, ga ruwa ko ta ina amma ba ya shayuwa. Bahar Maliya na cikin tekunan da suka fi gishiri a duniya, kusan giram 40 a kowace lita, kuma wanda ƙishirwa ta sa ya sha shi ƙara wa kansa ita ya yi. Saboda haka matuƙan kirki sukan lissafa aƙalla lita 3 ga kowane mutum a rana, su ninka kwanakin tafiyar, sannan su rarraba ruwan a mazubai daban-daban, don kada huda ɗaya ta zubar da duka. Gaɓar Sawakin da ta Jidda kuma cike suke da duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa, shi ya sa ake son shiga tashar da rana.

Yau an ƙara da GPS, da rediyon kiran agaji a tasha ta 16, da kwalekwalen roba na ceto, da rigar ceto ga kowa. Sai dai na'ura ba ta maganin haɗama. A Yulin 2011 wani jirgi da ya ɗebi masu neman shiga Saudiyya ta ɓarauniyar hanya ya kama da wuta ya nutse kusa da gaɓar Sudan, hukumomi suka ce mutum 197 sun rasu, kuma rahotanni sun ambaci 'yan Najeriya a ciki. Allah Ya jiƙan su. A Yunin 2022 ma wani jirgin ya nutse a tashar Sawakin da tumaki sama da 15,000, alhali kimanin 9,000 ya kamata ya ɗauka.

Duk wanda dillali ya yi wa tayin ƙetarar da shi cikin dare, babu takarda babu rigar ceto, to don Allah ya riƙe kuɗinsa ya dawo gida.