Hanyar ƙarƙashin gulbin Elbe a birnin Hamburg da matsalar raɗa mata suna da Hausa

Ƙamus-ƙamus na Faransanci da Hausa sun saba fassara kalmar « tunnel » da rami ko kogo. A ganinmu duka biyun ba su gamsar ba, kuma za mu nuna dalili ta hanyar bayyana wani gini guda da muka ziyarta a birnin Hamburg na ƙasar Jamus.

Hamburg tashar jiragen ruwa ce a bakin gulbin Elbe, wajen kilomita 100 daga teku. A farkon ƙarni na 20, dubban ma'aikata kan ƙetare gulbin kowace safiya daga unguwar St. Pauli zuwa Steinwerder, inda masana'antun ƙera jiragen ruwa suke, irin su Blohm & Voss. Jiragen fito sun kasa, gada kuwa da ta tare wa manyan jirage hanya. Saboda haka aka bi ta ƙasa. An fara aikin a 1907, aka buɗe hanyar ran 7 ga Satumba 1911. Tsawonta mita 426 ne, zurfinta kimanin mita 24.

Mai ziyara yakan shiga ta wani gini mai tulluwa da ke bakin ruwa. Abin da zai fara lura da shi shi ne babu gangara ko kaɗan. Wani ƙaton rami ne ya miƙe tsaye kamar rijiya, da matakala da manyan akwatunan ƙarfe masu sauka da hawa, waɗanda aka yi don ɗaukar kekunan doki da motoci. Can ƙasa sai bututu biyu, kowane faɗinsa wajen mita 6, bangonsu lulluɓe da tayil, an ƙawata shi da siffofin kifi da ƙaguwa, har da ɓeraye. In an kai ƙarshe sai a tarar da rijiya ta biyu, a hau. Wato rijiya biyu ke nan da aka haɗa gindinsu.

Aikin bai zo da sauƙi ba. An yi haƙar ne cikin matsattsiyar iska don hana ruwa kutsowa, kuma cutar da wannan matsi ke haddasawa ta kashe ma'aikata uku, ta kwantar da ɗaruruwa. Tun 1975 manyan motoci suka koma sabuwar hanya da aka haƙa yamma da nan. Tsohuwar ta zama ta masu tafiya a ƙasa da masu keke, ba a biyan ko sisi.

To, mu koma ga kalmomi. Rami a Hausa ƙasa yake nufa, kuma ba ya ɓullewa: ta inda aka shiga ta nan ake fita. Ya dace da rijiyoyin biyu, amma ban da abin da ke tsakaninsu. Kogo shi ma bakinsa ɗaya ne, kuma galibi ba ɗan Adam ya yi shi ba. Bututu ya kama siffar, sai dai Bahaushe ruwa yake sa ran gani a ciki, ba mutane ba. Ma'anar da duka ukun suka rasa ita ce ta ratsawa.

Shi ya sa muka fi karkata ga kwararo, wato ƙunƙuntar hanya mai bango dama da hagu wadda ke ɓullewa wani wuri, irin waɗanda kowa ya sani a unguwar Birni ta Damagaram. Sai a ce kwararon ƙarƙashin gulbi, ko na ƙarƙashin dutse. Ya fi « tunel » tsawo a baki, gaskiya ne, amma wanda bai shiga lakwal ba zai gane shi da ji ɗaya.