Haƙƙin Mallaka da Ɗora Bidiyo a Intanet

Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara. Wanda ya ɗora bidiyo a YouTube ɗauke da waƙar wani ba da izini ba, ya shiga haƙƙinsa, ko da kuwa ya ambaci sunansa. Tun shekarar 2007 kamfanin ke amfani da tsarin Content ID wajen gano irin wannan aro, mai haƙƙi kuwa yana iya toshe bidiyon ko ya karɓe kuɗin tallan da ke kansa. In ya kai ƙara aka sauke bidiyon, sai a yi wa mai tashar gargaɗi. Gargaɗi uku cikin kwana 90 kan jawo rufe tashar ɗungurungum. Ashe ke nan neman izini tun farko ya fi sauƙi.