Me Ke Sa Mahaifa Ta Matse, Me Ke Kwantar Da Ita?

Mu 'yan Kura da Bunkure, da wuya a sami gidan da ba a ɗaure akuya ana ba ta harawa da bambaron shinkafar Kadawa. Duk wanda ya taɓa tsaron akuya mai naƙuda ya ga yadda cikinta ke ƙullewa yana saki. Mahaifa tsoka ce, kuma ba ranar haihuwa kaɗai take motsi ba. Wasu sinadarai da jiki ke zubawa cikin jini, waɗanda muke kira homon a darasin bayoloji, su ke ba ta umarni.

Lokacin da akuya ke neman bunsuru, istirojin ne ke da rinjaye. Yana ƙara wa mahaifa motsi, motsin kuma yana taimaka wa maniyyi ya hau inda ƙwai yake. Da ƙwai ya fito sai furojestaron ya karɓi aiki, ya kwantar da ita don ɗan tayi ya zauna. Shi ke riƙe cikin akuya har kwana wajen 150. Akwai allurar furostagilandin da ke katse shi. Masu bincike a cibiyar NAPRI ta Shika, kusa da Zariya, suna amfani da ita don dabbobi da yawa su nemi barbara lokaci guda. Amma a yi wa akuya mai ciki, ɓari za ta yi.

Mutane ma haka ne. A 1998 likitoci a Faransa sun gano cewa matan da mahaifarsu ke yawan matsewa a ranar da aka dasa musu ɗan tayi ba su cika samun ciki ba.

Sai oksitosin, wanda ke kawo naƙuda mai ƙarfi. Tun 1953 aka iya haɗa shi a ɗakin gwaji, shi ne "allurar naƙuda" da muke ji a bakin iyayenmu mata. Bayan haihuwa yana matse mahaifa ya tsayar da jini, ya ceci mata ba adadi. Abin da ke ba mu tsoro shi ne yin ta a gida wai don a gaggauta haihuwa: matsewar na iya wuce kima, jariri ya rasa iska, ko mahaifa ta fashe. A asibiti cikin ƙarin ruwa ake sa ta, ɗigo-ɗigo, ungozoma na sauraren bugun zuciyar jariri. Zafi kuma yana rage mata ƙarfi, shi ya sa ake ajiye ta a firji.